Gurɓatacciyar Ƙasa a Gidajen Zama: Tambayoyi da Amsoshi

Me ke gurɓata ƙasar gidan da mutane ke zaune a ciki?

Galibi tarihin filin ne. Wurin da aka taɓa fasa tsofaffin batura, ko zubar da baƙin mai, ko ajiye maganin ƙwari, yakan riƙe gubar shekara da shekaru bayan an gina gida a kansa. Dalma ce ta fi tayar da hankali, domin ba ta ruɓewa. Ɓarɓashin tsohon fenti da ƙurar hayaƙin fetur mai dalma, wanda sai a 2021 aka daina sayar da shi ga motoci a faɗin duniya, suna nan kwance a saman ƙasa har yau.

Shin ana iya gane ta da ido?

Da wuya. Mai yakan bar wari da baƙin tabo, amma ƙasa mai dalma ba ta da bambanci da sauran ƙasa, ciyawa ma takan tsiro a kanta kore shar. Abin da ya fi damuna shi ne yaro mai rarrafe, wanda zai dafa ƙasa da tafin hannu, ya kai yatsa baki, gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa ba tare da wata alama ta fito fili ba.

Yaya ake gwajin?

Ana ɗebo ƙasa daga wurare da dama, musamman gindin bango da inda yara ke wasa, daga santimita biyar na sama, sai a ƙara zurfi a inda ake shuka kayan lambu. Kowane sashe da ledarsa da lambarsa, kada a cakuɗa su, domin cakuɗawa takan ɓoye inda gubar ta taru. Daga nan sai ɗakin gwaje-gwaje. Akwai kuma na'urar hannu mai suna XRF da ke auna ƙarafa nan take, sai dai ba ta gano mai ko maganin ƙwari. A Janairun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta rage mizanin da ke sa a zurfafa bincike kan dalma a ƙasar gidaje daga miligiram 400 zuwa 200 a kowane kilo.

Idan an tabbatar da gubar, me za a yi?

A fara da gwada jinin yaran gidan, a kuma hana su zuwa wurin. Sannan a kwashe ƙasar saman ana yayyafa mata ruwa don kada ƙura ta tashi, a shimfiɗa ƙyalle mai kauri da zai zama alama ga duk wanda zai yi haƙa nan gaba, a zuba sabuwar ƙasa wadda ita ma an gwada ta. Inda kwashewa ba ta yiwu ba, akan rufe wurin da siminti. Ƙasar da aka kwashe kuwa dole ta tafi wurin da hukuma ta keɓe, domin zuba ta a wani fili mayar da cutar ne kan 'ya'yan wasu.