Kilim a bazarar Maraɗi: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Da watan Maris ya kama, rana ta fara haura digiri 40, sai tambayoyin nan kan kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, su dawo, irin na bara sak. Ga amsoshinsu wuri guda. A karanta kafin a sake tambaya, don Allah.

In na sa 16, ɗaki zai fi saurin yin sanyi?

A'a. Lambar rimot tana faɗa wa kilim inda za ta tsaya ne kawai. Ka sa 16 a watan Afrilu, ɗakin ba zai kai can ba, injin waje ba zai huta ba, kontar kuma tana ta gudu. Sa 25 ko 26, ka kunna fanka tare da ita.

Doki nawa zan saya?

Doki da BTU ma'aunin ƙarfin kilim ne. Auna ɗakin tukuna. Mai mita 3 da 4, doki ɗaya ya isa, wato BTU 9000. Mai mita 4 da 5, doki ɗaya da rabi, BTU 12000. Babban falo, doki biyu. In rufin kwano ne ba silin, ko bangon yamma ne ke shan rana tun azahar, ƙara mataki ɗaya, amma gara ka fara yin silin ɗin. Ka duba takardar da ke jikin injin waje: wadda aka rubuta wa T1 iyakarta digiri 43, T3 kuwa an yi ta don zafin da ya kai 52. Ta biyun ce ta ƙasarmu.

Ba ta sanyi kamar da. Gas ne ya ƙare?

Malam, yaushe rabonka da wanke raga? Ɗaga murfin gaba, zaro ragar nan biyu, ka kalle su a haske. Bayan ƙurar hunturu za ka tarar sun toshe kamar an shafe su da laka, iska ba ta da hanyar wucewa. Wanke su da ruwa, ka shanya a inuwa, su bushe sarai kafin ka mayar. A garin nan sau ɗaya a mako, ba sau ɗaya a shekara ba. Injin waje shi ma a wanke haƙarƙarinsa kafin bazara, bayan an yanke wuta, da ruwan da ba shi da ƙarfi don kada siraran ƙarafan su lanƙwashe.

Gas kuwa ba ya ƙarewa kamar man babur. A rufe yake zagayawa. In ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya, galibi a mahaɗin bututun tagulla, kuma za ka ga danshin mai a wurin. Duk mai gyaran da ya ɗura maka gas bai nemi ɓular ba, kuɗinka ya ci, wata biyu za ka sake kiransa. Kuma a ɗura irin wanda ke rubuce a jikinta, R22 ko R410A ko R32, ba a gauraya su.

Kuran yana zuwa da rauni, musamman da dare. In kunna ko in haƙura?

Wannan ba ta da amsa guda, sai an duba abubuwa da dama. An ƙera kilim don bolt 220 zuwa 240. In wuta ta yi ƙasa da 200, injin yana jan amfa fiye da ƙa'ida, wayar cikinsa tana zafi. Alamar a fili take: ƙwai ya dushe, fanka ta rage gudu, injin waje ya yi gurnani na ƴan daƙiƙoƙi, ka ji ƙas, ya mutu, can ya sake gwadawa. In ka ji haka, kashe ta. Kowane gwaji yana rage mata kwana.

Sai dai ba kullum laifin layi ba ne. Kafin ka sayi komai, sa mai aikin wuta ya auna a bakin kontar, ya kuma auna a soket ɗin kilim tana cikin aiki. In na kontar ya yi daidai amma na soket ya faɗi, matsalar tana cikin gidanka: siririyar waya, ko haɗin da ya saki, ko an jona ta a ralonj tare da firigo. Kilim tana son layinta ita kaɗai, waya mai kauri 2.5 mm², da disjonkta (mai yanke wuta in ta yi yawa) mai amfa 16 ko 20. Haka nan gurnanin da na faɗa yana iya zama kondansata ce ta mutu, ƙaramin abu mai araha da ke taimaka wa injin tashi, ba wutar ba.

In kuwa tun daga kontar wutar ta faɗi, regulata, wato na'urar daidaita bolt, zai iya taimakawa, amma da sharaɗi. Ƙarfinsa yana raguwa gwargwadon faɗuwar wuta, don haka mai doki ɗaya da rabi a nema mata mai kVA 5, kada a tsaya kan ɗan ƙarami. Ya kasance mai jinkiri, wanda ke jiran minti 3 bayan an maido wuta, don matsin gas ya daidaita kafin injin ya tashi. In wutar ta yi ƙasa sosai, shi ma ba abin da zai iya, sai haƙuri da fanka. Kilim masu inbata, waɗanda injinsu ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata, ba sa fizgar wuta wajen tashi, wasunsu kuma suna jure ƙarancin bolt, amma allon cikinsu ba ya son hawa da saukar wuta, gyaransa kuma da tsada. Game da gurup, kilim ta gargajiya tana jan ninki da yawa a daƙiƙar tashi, saboda haka gurup ɗin da ya ɗauki fitilu da talabijin ba lalle ya ɗauke ta ba. In ka ji ya shaƙe da ta tashi, kada ka tilasta masa.

A biro, mu kashe in za mu fita sallah ko cin abinci?

Minti goma, bar ta, ka rufe ƙofa. Awa ɗaya ko fiye, kashe. Mai doki ɗaya da rabi tana cin abin da ya ɗan haura kilowat ɗaya a awa, to a lissafa biro nawa ke kwana da ita a kunne don ba wanda aka ɗora wa alhakin kashewa. Wannan ɓarna ce, ko da ba aljihunka ke biya ba. Ƙofar da ake bari a buɗe don masu shige da fice kuwa, a sa mata abin da zai riƙa maida ta.

Ruwa na ɗiga a bango. Ta lalace?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Tiyon fitar da ruwa ne ya toshe da ƙura, ko aka ɗaga shi sama. A busa shi, a karkata shi ƙasa. In ƙanƙara kika gani a jikin ƙarafan ciki, kashe ta ta narke, ki duba raga. In ta sake yi bayan wanki, a kira mai gyara.

Ina ya kamata injin waje ya zauna?

A inuwa, inda iska ke wucewa. Bar aƙalla santimita 30 tsakaninsa da bango, gabansa kuma fili. Kejin ƙarfe don ɓarayi ba laifi, amma na sanduna, ba a lulluɓe shi da kwano ba, in ba haka ba zafin da ya fitar shi zai sake shaƙa. Kuma a daina shanya tabarma a kansa.

Na'urar da ke amfani da ruwa wajen sanyaya iska fa, ba ta fi sauƙi ba?

Ta fi, nesa ba kusa ba, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da iska ke bushe ƙayau, tana aiki sosai. Ita taga a buɗe take so, saɓanin kilim. Kada a haɗa su ɗaki ɗaya, ɗaya na zuba danshi ɗaya na kwashewa. Da damina ta sauka iska ta jiƙe, sai dai ta ƙara maka gumi. A zubar da ruwan tankin, a wanke, a ajiye ta sai baɗi.