Shagunan tufafi na Yahudawa a garuruwan masu jin Jamusanci

Daga farkon ƙarni na 19 zuwa 1938, iyalan Yahudawa sun riƙe kaso mai tsoka na cinikin yadi da ɗinkakkun kaya a Jamus da Ostiriya, tun daga ɗan shagon bakin kasuwa a ƙaramin gari har zuwa manyan kantunan Balin da Biyana. A Jamus ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba, mutum wajen 500,000 ne a 1933, amma a wannan sana'a sunansu ya yi fice ƙwarai.

Asali

Doka ce ta tura su wannan hanya. Shekaru aru-aru an hana Bayahude mallakar gona a wurare da dama, ƙungiyoyin masu sana'ar hannu kuma ba sa karɓar wanda ba Kirista ba. Abin da ya rage shi ne koli, dillancin shanu, ba da rance da sayar da gwanjo. Ɗan koli yakan goya yadi da zare da maɓallai, ya bi ƙauyuka mako guda, ya dawo gida kafin Asabar, ranar hutun Yahudawa. A wannan yawo ya san abin da matar manomi take so, da abin da aljihunta zai iya ɗauka, kuma wannan sani ne jarinsa na gaske. Da aka sassauta dokoki, a Furushiya (ɗaya daga cikin masarautun Jamus na lokacin) a 1812, Ostiriya a 1867, sannan ɗaukacin daular Jamus a 1871, sai 'ya'yan 'yan kolin suka kama shaguna a cikin gari.

Bunƙasa

A Balin, unguwar Hausvogteiplatz ta zama cibiyar ɗinkakkun kayan mata tun wajen 1840, ta hannun 'yan kasuwa irin su Herrmann Gerson da Valentin Manheimer. Kamfani shi ke fitar da samfuri da yadi, ya miƙa wa wani tela ɗan tsakiya, shi kuma ya rarraba wa mata masu ɗinki a gidajensu. Ladan waɗannan mata ƙanƙane ne, kuma guminsu na cikin abin da ya sa tufafin suka yi araha.

Manyan kantunan sun faro ne daga ƙananan garuruwa. Gidan Wertheim ya buɗe shago a Stralsund a 1875, Leonhard Tietz ya buɗe nasa a garin a 1879, ƙanensa Oscar kuma ya fara a Gera a 1882 da jarin baffansu Hermann Tietz. 'Yan'uwa biyu, Simon da Salman Schocken, sun taso daga Zwickau. Sabon abin da suka yaɗa shi ne farashi a rubuce, ba tayi ba ragi, kuɗi hannu maimakon bashi, riba kaɗan a kan kaya masu yawa. Mutum na iya shiga ya yi kallo ya fita ba tare da ya sayi komai ba, abin da ya buɗe wa matan ma'aikata ƙofar da a da take rufe. A Biyana akwai Gerngross da Rothberger. A Munik kuwa, gidan Wallach ya taimaka wajen mayar da dirndl, rigar matan karkara, abin ado a birni.

Ƙwace

Ƙananan 'yan kasuwa da ciniki ya ja musu baya sun ɗora laifin a kan waɗannan kantuna, jam'iyyar Nazi kuma ta hau kan wannan ƙorafi tun cikin manufofinta na 1920. Bayan ta hau mulki, ranar 1 ga Afrilu 1933 dakarunta suka tsaya a ƙofofin shagunan Yahudawa suna hana masu saye shiga. Daga nan bankuna suka janye rance, aka matsa wa masu shaguna su sayar a kan kuɗin da bai kai darajar dukiyar ba. Haka kamfanin Hermann Tietz ya koma Hertie, na Leonhard Tietz ya koma Kaufhof, na Schocken ya koma Merkur. 'Yan kasuwan da ba Yahudawa ba ne suka amfana: Helmut Horten ya karɓi kantin Alsberg a Duisburg a 1936, Josef Neckermann ya karɓi na Ruschkewitz a Würzburg a 1935. A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka farfasa dubban shaguna aka wawashe su, kwana uku bayan haka aka yi dokar da ta haramta wa Yahudawa riƙe shago daga 1 ga Janairu 1939.

Masu manyan kantuna da dama sun samu fita; Salman Schocken ya tafi Falasɗinu a 1934. Masu ƙananan shaguna su ne suka fi shan wuya, domin duk abin da suka mallaka yana cikin shagon, kuma da yawansu an kashe su a sansanonin Nazi.

Bayan faɗuwar mulkin Nazi a 1945 an biya wasu iyalai diyya, sau da yawa bayan doguwar shari'a. Rikicin filayen Wertheim a Balin bai ƙare ba sai 2007, da yarjejeniyar yuro miliyan 88. A Suwizalan, inda mulkin Nazi bai kai ba, kantin Loeb da aka kafa a Bern a 1881 ya ci gaba da zama a hannun zuriyar masu shi.