Talla a shafin intanet: daga ina kuɗin ke fitowa?

Wai wa ke biyan kuɗin nan?

Mai haja ne. Kamfani ya biya Google don a tallata kayansa, shi kuma Google ya liƙa tallar a shafinka ta tsarin AdSense da ya fito da shi a 2003, ya cire la'adarsa ya miƙo maka saura. An daɗe kason mai shafi yana kashi 68 cikin 100. Daga farkon 2024 lissafin ya koma kan yawan bayyanar talla a gaban mai karatu, ba sai ya danna ba.

Nawa zan riƙa samu?

Duk wanda ya yanke maka adadi, ka yi hattara da shi. Abin ya danganta da inda masu karatunka suke da kuma abin da kake rubutawa. Masu talla sun fi zuba kuɗi a kan mai karatu daga Amurka ko Ingila fiye da na Kano ko Maraɗi, kuma rubutu kan banki da inshora ya fi tsegumin 'yan fim kawo talla mai tsoka.

Yaushe kuɗi ke shiga hannu?

Idan ka tara dala 10, za a aiko maka lambar tantancewa ta gidan waya, don haka adireshinka ya zama na gaskiya. Ba a biya sai kuɗin sun kai dala 100, kuma ana turawa tsakanin 21 da 26 ga wata. A Najeriya galibi asusun dala ake buɗewa don karɓa.

Ni da Hausa nake rubutu, za su karɓe ni?

Nan gizo ke saƙar. Larabci, Faransanci da Hindi suna cikin harsunan da AdSense ya amince da su, Hausa kuwa ba ta ciki, kuma dokar Google ta hana sa tallarsa a shafin da akasarin rubutunsa yake da harshen da ba a lissafa ba. Wasu kan fara da Turanci har a amince da su, sannan su juya Hausa. Dabara ce mai ƙarewa da kuka, don ranar da aka gano za a iya tsayar da tallar. Akwai wasu kamfanonin talla irin su Adsterra da ba su cika tsanani ba, sai dai tallarsu kan faɗo wa mai karatu ba sallama, wani lokaci har da ta caca.

A ganina, mai rubutun Hausa ya nemi mai haja kai tsaye. Mai atamfa a Kantin Kwari ko mai turaren wuta masu karatunka yake nema, ba na Landan ba. Ka nuna masa yawan masu ziyara, ku yi ciniki na wata, kuɗinka ya shigo ba dillali.

In sa 'yan uwa su riƙa danna min fa?

Kul! Google na gane danna na bogi, ya zaftare kuɗin, ko ya rufe asusun da abin da ke ciki.

Tallar giya da caca fa?

A AdSense akwai wurin toshe irin waɗannan rukunai. Ka shiga ka toshe su tun ranar farko, ko da kuɗin zai ɗan ragu.