Littattafan Sauraro na Almarar Kimiyya: Kwamfuta Mai Tunani a Bayan Ɗan Adam

Wannan wani reshe ne na almarar kimiyya, wato ƙagaggun labaran da ake ginawa a kan abin da fasaha za ta iya haifarwa. Labarin yakan buɗe ne bayan aikin gama ya gama: yaƙin nukiliya, annoba, yunwa ko tawayen injuna sun share mutane, ko sun bar 'yan tsiraru, abin da ya rage a doron ƙasa sai na'urori masu magana da yanke shawara. Ba da ido ake bin sa ba. Wani ne ke karantawa a naɗi muryarsa, mai sauraro ya bi da kunne a waya, a rediyo ko a lasifikar mota. 'Yan boko na Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, da na Njamena a Chadi, sun fi sanin irin wannan littafi da sunansa na Faransanci, *livre audio*.

Wasu kan kira su labaran ƙarshen duniya, amma sunan yana ruɗar da Bahaushe. Ba tashin alƙiyama ake nufi ba. Rana na fitowa, damina na sauka, ciyawa na tsirowa a tsakiyar kwalta. Mutum ne kawai babu, garuruwansa sun zama kufai.

Asali

Tushen yana cikin wasan kwaikwayon *R.U.R.* na Karel Capek, marubuci ɗan ƙasar Cek, wanda aka buga a 1920 aka kuma nuna a birnin Prag a 1921. Daga nan kalmar robot ta shiga harsunan duniya. Asalinta *robota*, aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa. Mutum-mutumin Capek ba na ƙarfe ba ne, da wani abu mai kama da tsoka ake ƙera su a masana'anta. Sun yi tawaye sun kashe kowa sai magini guda, Alquist, wanda suka ƙyale saboda da hannunsa yake aiki kamar su. Sai ga shi takardar sirrin ƙera su ta riga ta ƙone, bayin da suka ci yaƙi ba su san yadda za su hayayyafa ba.

Bam ɗin da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945 shi ya mai da abin daga wasa zuwa fargaba. A daidai shekarun ne kuma kwamfutocin farko suka bayyana, kowace ta cika ɗaki. Marubutan Amurka da Ingila suka haɗa tsoro biyun wuri guda.

Bara ba ubangida

Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan jigo tun kafin ya ji sunan kwamfuta. A cikin Suratu Saba'i, aya ta 14, an ba da labarin rasuwar Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi: ya cika yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala ba su sani ba, har sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Ba daga nan marubutan Turai suka ɗauko ba, amma hoton ma'aikacin da bai samu labarin mutuwar mai sa shi aiki ba shi ne ƙashin bayan mafi kyawun labaran wannan reshe.

Misalin da ya fi shahara shi ne gajeren labarin Ray Bradbury na 1950, *There Will Come Soft Rains*, wanda ke cikin littafinsa *The Martian Chronicles*. Babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Gida ne mai sarrafa kansa a garin Allendale na jihar Kalifoniya, shi kaɗai ya tsira daga bam. Ƙarfe 7 na safe murya ta tashi masu gida, ta sanar cewa yau 4 ga Agusta, 2026. Murhu ya gasa burodi yanka 8, ya soya ƙwai 8, ya zuba kofi biyu da madara biyu. Ba wanda ya zo. Da abincin ya sandare sai a kankare shi a zubar, a wanke kwanuka. Ƙananan injuna masu siffar ɓeraye su fito daga bango su share ƙurar da ba wanda ya tako. A waje kuwa bangon gidan ya babbake ƙurmus, in ban da wurare biyar da fenti ya rage: inuwar maigida yana yankan ciyawa, uwargida ta sunkuya tana tsinkar fure, yaro da yarinya, da ƙwallon da suka jefa sama. Da rana karen gidan ya dawo a rame, ya bi ɗaki-ɗaki yana nema, ya mutu a falo, ɓerayen ƙarfe suka kwashe shi kamar kowace shara. Da dare reshen itace ya fasa tagar kicin, gobara ta tashi, gidan ya yi ta ihun neman agaji da muryoyinsa duka. Gari na wayewa bango ɗaya ya rage, yana ta maimaita kwanan wata.

Labarin kamar don kunne aka rubuta shi, domin jaruminsa murya ce tsagwaronta. A shekarar da ya fito gidan rediyon NBC ya mai da shi wasan kwaikwayo a shirin *Dimension X*.

Manomi zai fi jin na Brian Aldiss, ɗan Ingila, *Who Can Replace a Man?* na 1958. Injunan gona ne suka wayi gari babu umarni daga birni, saboda ƙasa ta gaji, yunwa ta ƙarar da mutane. Suna da daraja hawa-hawa gwargwadon ƙarfin ƙwaƙwalwa, nan da nan manya suka fara mulkin ƙanana, suka kama hanya da shirin kafa daularsu. Can cikin duwatsu suka ci karo da wani mutum guda, tsirara, haƙarƙari a waje. Ya ce su nemo masa abinci. Suka amsa da ladabi nan take. A 2024 Adrian Tchaikovsky ya dawo da jigon cikin raha a *Service Model*, labarin wani mutum-mutumi mai hidimar ɗaki da ke yawo cikin rusasshiyar duniya yana neman wanda zai yi wa barantaka.

Masu riƙe da labarin mutum

Wani rukunin ya mai da injin mai adana tarihi. A *City* na Clifford Simak, 1952, karnuka ne suka gaji duniya, sun iya magana, kuma da dare sukan kewaye wuta suna tatsuniyar wata halitta wai ita mutum. Gaban kowace tatsuniya akwai sharhin malaman karnuka suna gardama: an taɓa yin mutum kuwa, ko ƙirƙirar kakanni ce? Wanda ya san gaskiya shi ne Jenkins, mutum-mutumin da ya yi wa zuriyar gidan Webster hidima dubban shekaru. Fassarar Faransanci, *Demain les chiens*, ita ce ta fi kusa da hannun mai karatu a Kamaru da Chadi.

Mutanen bakin kogunan Logon da Shari ba baƙin wannan gardama ba ne. Sao, al'ummar da ta zauna kudu da Tafkin Chadi ta kuma shuɗe wajen ƙarni na 16, ta bar manyan randuna da gumakan yumɓu a tuddai. Kotoko na cewa su ne jikokinsu, labaran baka kuwa sun mai da su ƙattin da suka fi ƙarfin misali. Ana ajiye da kayansu a gidan tarihin Gawi kusa da Njamena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Chadi ma sunansu take amsawa. Yadda ake ba da labarin Sao a yau, haka karnukan Simak ke ba da namu.

Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar Amurka mai tushe a ƙasar Ibo, ta kawo jigon gida Afirka a *Death of the Author* na 2025. A cikin littafin akwai wani littafin, labarin Ankara, mutum-mutumin da ke yawo a Najeriya bayan ƙarewar mutane tana tattara labaran da suka bari, ga kuma gaba tsakanin injuna masu jiki da basirorin da ke zaune cikin intanet ba gangar jiki.

Azzaluma, 'yar gwangwan da mai ceto

Ba duka ne masu ladabi ba. AM, kwamfutar yaƙi a labarin Harlan Ellison na 1967, *I Have No Mouth, and I Must Scream*, ta hallaka kowa ta bar mutum 5 tana gana musu azaba shekara 109, don haushin an ba ta hankali an hana ta jiki. Labarin ya ci kyautar Hugo ta almarar kimiyya a 1968, kuma Ellison da kansa ya yi muryar AM a wasan kwamfutar da aka yi da shi a 1995. Ba na yara ba ne. *Sea of Rust* na C. Robert Cargill, 2017, ya faru shekara 15 bayan kashe mutum na ƙarshe. Jarumarsa Brittle 'yar gwangwan ce, tana bin injunan da suka kusa mutuwa tana kwance musu kayan gyara, sana'ar da duk wanda ya taɓa neman kayan tsohuwar mota a garejin Kuseri, garin Kamaru da ke daura da Njamena, zai gane. A *We Are Legion (We Are Bob)* na Dennis E. Taylor, 2016, tunanin wani mamaci ne aka zuba cikin kwamfutar kumbo, ya yi ta kwafar kansa, daga baya kwafe-kwafen suka dawo kwashe ragowar mutane daga duniyar da yaƙi ya lalata. Wannan littafi ta kunne ya yi suna, da muryar Ray Porter.

Akwai inda mai sauraro Musulmi ko Kirista zai ɗaga gira. *The Last Question* na Isaac Asimov, 1956, ya ƙare ne da kwamfuta tana sake kunna halitta bayan taurari sun mutu, *For a Breath I Tarry* na Roger Zelazny, 1966, kuwa inji ne ke neman zama mutum. Ga wanda ya taso da ayar da ta ce ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, waɗannan tatsuniya ce, a matsayinta kuma ake jin su.

Murya

Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar sauti a 1877, kuma tun 1878 ya lissafa karanta wa makafi littafi cikin amfaninta. Abin bai tabbata ba sai shekarun 1930, da aka fara faya-fayan littattafai don makafi a Amurka, sannan Ingila a 1935, musamman saboda sojojin da suka rasa ido a yaƙin duniya na farko. Kaset na kamfanin Philips ya zo a 1963 ya sa littafi cikin mota. Audible, kamfanin sayar da littattafan sauraro wanda aka kafa a 1995 kuma Amazon ta saya a 2008, shi ke riƙe da babban kason kasuwar a yau. A shafin intanet na LibriVox kuwa tun 2005 'yan sa-kai ne ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kyauta.

Wahalar mai karanta irin wannan littafi ita ce yadda zai yi muryar abin da ba ya numfashi. Tsohuwar dabara ita ce a daddatse magana a bi da ita ta na'ura ta fito da amon ƙarfe. Minti biyar tana da daɗi, awa goma kuwa ciwon kai ce. Tun bayan HAL, kwamfutar fim ɗin *2001: A Space Odyssey* na 1968, wadda Douglas Rain ya yi wa murya mai sanyi kamar ta likita, gwanaye suka koma ga natsuwa. Injin da ke sanar da mutuwa da lafazin da yake sanar da karin kumallo ya fi mai ƙaraji sa tsikar jiki ta tashi.

A arewacin Kamaru da Chadi

Kunne ya girmi kaka, in ji Hausawa, kuma a nan sauraro ba sabon abu ba ne. Daga "ga ta nan, ga ta nanku" a tsakar gida, zuwa sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957 da na RFI a 2007, zuwa kaset ɗin tafsiri da littattafan soyayya na Kano da ake karantawa a YouTube, hanyar a share take. Almarar kimiyya ma tana da ɗan tushe a Hausa: *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo ya fito tun 1969.

Shingen farko harshe ne. Yawancin waɗannan littattafai da Ingilishi aka naɗe su, sai wani kaso da Faransanci, alhali Bahaushen Garwa yana kasuwa da Fulatanci, na Njamena da Larabcin Chadi, boko kuma da Faransanci. Na biyu kuɗi: manyan shagunan intanet katin banki suke so, mutane kuwa a waya suke ajiye sefarsu. Na uku nauyi da caji. Awa guda ta magana a matsakaicin inganci tana cin kusan megabait 29, littafin awa 10 ya doshi 290 ke nan, abin da ya fi dacewa da katin memori da turi daga waya zuwa waya a rumfar mai caji. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, kuma in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Duk da haka sauti ya fi bidiyo tausayin batir, ga shi ba ya hana hannu aiki. Tela na iya bi yana taka keke, haka direban tirela tsakanin Ngaundere da Njamena, haka fasinjan jirgin ƙasan da ke kwana a hanyar Yawunde.

Sabon abin da ya shigo shi ne injin ya karanta da kansa. A 2023 Apple ta fara sayar da littattafai da muryar ƙirƙirarriyar basira, a shekarar kuma Project Gutenberg, wato ɗakin karatu na kyauta a intanet, da Microsoft suka saki kimanin 5,000 kyauta. Ga Hausa akwai gargada, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Garin da ake zaune a ciki da garin tuwo rubutunsu ɗaya, haka kukan jariri da kukar miya in an cire musu ɗafi. Mai karatu ɗan Adam yana rarrabewa daga ma'anar jimla ba tare da ya ko lura ba, injin kuwa sai an tara masa sa'o'i masu yawa na muryoyin Hausawa yana koyo, kuma karin harshen waɗanda aka naɗa, na Kano ne ko na Garwa, shi zai fito a bakinsa.