Motar da ke yawo a duniyar Mars tana huda duwatsu: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda aka saki sabon hoto daga duniyar Mars sai tambayoyi su taso, wasu na neman sani wasu na tsokana, wani ma cewa zai yi ai a hamada aka ɗauka. To ga amsar waɗanda aka fi yi, kuma a kan mota ɗaya zan fi tsayawa, wato Perseverance ta hukumar NASA ta Amurka.

Wai wace irin mota ce, kuma yaushe ta je can?

Mota ce mai taya shida, ba direba ba kujera, nauyinta ya ɗan haura kilo 1,000. An harba ta daga Florida ran 30 ga Yuli 2020, ta yi kusan wata bakwai a hanya, ta sauka ran 18 ga Fabrairu 2021 a cikin wani ƙaton rami mai suna Jezero, faɗinsa wajen kilomita 45, wanda wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa tun fil azal. Saukar ma kanta abin kallo ce, don iskar Mars ba ta da kauri, ko kashi 1 cikin 100 na tamu ba ta kai ba, saboda haka laima kaɗai ba za ta iya tsayar da abu mai wannan nauyin ba. Sai da wata na'ura mai roka ta tsaya a sama ta zuro motar da igiyoyi har tayoyinta suka taɓa ƙasa, sannan aka datse igiyoyin na'urar ta tashi ta je can nesa ta faɗi. Haka aka sauke yayarta Curiosity a ramin Gale a 2012.

Da rimot ake tuƙa ta daga nan?

A'a, ba zai yiwu ba ma. Saƙon rediyo daga nan zuwa Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke a kewayensu na rana, to ka ga in ka hango rami a gabanta ka danna birki, kafin birkin ya isa ta daɗe da afkawa. Abin da ake yi shi ne injiniyoyi da masana duwatsu a cibiyar JPL da ke Kalifoniya su zauna su duba hotunan da ta turo, su tsara mata aikin yini guda cur, je wurin kaza, ɗauki hoton kaza, taɓa dutse kaza, sai a tura mata gaba ɗaya. Ita kuma tana da manhajar da ke duba hanya da kyamarorinta tana kauce wa manyan duwatsu da yashi mai zurfi da kanta. Gudu kuwa babu shi, iyakarta wajen mita 150 a awa.

Hotunan ma yawanci ba kai tsaye suke zuwa ba, sai ta miƙa wa taurarin ɗan'adam da ke kewaya Mars, su kuma su turo wa manyan eriyoyi da ke Kalifoniya da kusa da Madrid da kusa da Canberra. Kuma yinin Mars awa 24 ne da minti 39, shi ya sa a watannin farko ma'aikatan suka koma bin agogon can, yau ka shiga aiki da safe bayan wajen sati uku ka tarar tsakar dare kake shiga.

To mai take sha ko sola?

Ko ɗaya. Sola ta taɓa yi musu tsiya, wata motarsu mai sola, Opportunity, da ta sauka a 2004 an tsara mata kwana 90 ta yi shekara 14 tana aiki, sai wata guguwar ƙura ta rufe Mars a 2018 rana ta ɓace, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Perseverance da Curiosity sinadarin pulutoniyam suke ɗauke da shi, yana fitar da zafi a hankali, ana mayar da zafin ya zama lantarki wajen wat 110 kacal yana cajin batira biyu, sauran zafin kuma yana ɗumama mata ciki don da dare sanyin Jezero yakan kai digiri 80 ƙasa da sifiri.

Me ya sa duwatsu? Ba halittu aka je nema ba?

Halittu ake nema, amma na da can, ba masu rai yanzu ba. Saman Mars a yau busasshe ne ƙayau, ga sanyi ga hasken rana mai ƙuna da babu abin da ke tare shi. Amma tun daga sama taurarin ɗan'adam sun nuna cewa wajen shekara biliyan 3.5 da suka wuce wani kogi ya ɓalle bakin ramin Jezero ya cika shi ya zama tabki, kuma a inda kogin ke zubawa ya tara laka da yashi hawa-hawa har suka daskare suka zama dutse. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiyar da ake haƙawa ya san yadda ƙasa ke sauya kala, ja, sai fara, sai laka, mai haƙa ya san me kowanne ke nufi, to haka masanan ke karanta waɗannan duwatsun. Kuma laka mai laushi ita ce ta fi iya adana burbushin ƙananan ƙwayoyin halitta, in har an taɓa yin su.

Ta yaya take binciken dutse alhali ba ta da hannu irin namu?

Tana da hannu, tsawonsa wajen mita 2, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Kafin ma ta matsa, akwai na'urar SuperCam a kanta da ke harbin dutse da hasken lesa daga nisan da ya kai mita 7, ɗan wurin da aka harba ya ƙone ya yi walƙiya, daga kalar walƙiyar a gane sinadaran da ke ciki, har makirfo gare ta da ke sauraron ƙarar tas-tas ɗin don a gane dutsen mai tauri ne ko mai laushi. In dutsen ya yi musu, sai ta matso ta kankare samansa ta yi ɗan da'ira mai faɗin santimita 5, ta hura iskar gas ta kore ƙurar, sannan ta kara wasu na'urori biyu, PIXL da SHERLOC, dab da wurin su bi shi ɗigo-ɗigo, ɗaya tana tantance sinadarai ɗaya tana farautar masu ɗauke da kabon, sinadarin da ke jikin duk wata halitta. Sai in duk sun gamsu ake hudawa, a ciro ɗan guntu mai kaurin milimita 13 da tsawon wajen santimita 6, a sa a bututun ƙarfe a toshe gam. Bututu 43 kawai ta tafi da su, shi ya sa ba kowane dutse ake ɓata wa ɗaya ba.

Hudar farko ma a Agusta 2021 ba ta yi ba. Komai ya tafi daidai, ga rami a dutsen an gani, da aka duba bututun wayam, ashe dutsen ne ya rududduge ya zama gari ya zube. Sai a farkon Satumba aka samu na farko daga wani dutse da suka sa wa suna Rochette.

Me ta gano zuwa yanzu?

Na farko dai ta ba su mamaki, sun zaci ƙasan ramin duwatsun laka za a tarar, sai aka ga duwatsun da suka samu daga narkakken dutse ne wanda ya huce, daga baya ruwa ya ratsa su. Wannan ba asara ba ce, don irin su ne ake iya auna shekarunsu daidai a ɗakin gwaji.

Babban kamun shi ne na Yuli 2024, a wani tsohon kwarin kogi da ake kira Neretva Vallis, ta tarar da wani jan dutsen laka da tsawonsa ya kai wajen mita 1, suka sa masa Cheyava Falls. A jikinsa akwai fararen jijiyoyi da ke nuna ruwa ya bi ta ciki, akwai sinadarai masu kabon, sannan ga wasu ƙananan tabo-tabo masu haske da baƙin zobe kewaye da su, kowanne bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, masanan suka ce musu ɗigon damisa. A wuraren nan an ga alamun ma'adinai biyu, ɗaya na ƙarfe da fosfet ɗaya na ƙarfe da farar wuta, waɗanda a nan duniya sau da yawa ƙwayoyin halitta ne ke barin su a cikin laka bayan sun ci abincinsu. An buga sakamakon a mujallar Nature a Satumba 2025.

Kenan an gano rai a Mars?

A'a fa, a bi a hankali. Abin da suka ce shi ne wata alama ce da mai yiwuwa rai ne ya bar ta. Waɗannan ma'adinan suna iya samuwa ba tare da wata halitta ba, musamman in akwai zafi mai tsanani ko ruwa mai tsami, duk da cewa ba a ga shaidar dutsen ya sha irin wannan zafin ba. Kuma an taɓa shan kunya, a 1996 an yi ta hayaniya kan wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika wai an ga burbushin halitta a ciki, har shugaban Amurka Bill Clinton ya fito ya yi jawabi, daga baya yawancin masana suka ce hujjar ba ta isa ba. Ni a ganina takatsantsan ɗin da suke yi yanzu shi ne daidai, na'urorin da motar ke ɗauke da su ba za su iya yanke wannan hukuncin ba, sai an kawo dutsen nan.

Ai an ce akwai duwatsun Mars a nan duniya, me zai sa a wahala?

Akwai su, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a ƙasar Hausa ya faɗo. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin wajen kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, kusa da Faskari ta jihar Katsina, daga baya aka tabbatar daga Mars yake, don iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. Wani kuma mai wajen kilo 25 an tsince shi a yankin Agadas a 2023, aka yi gwanjonsa a New York a Yuli 2025 kan sama da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita daga ƙasar. Matsalar irin waɗannan ita ce ba wanda ya san takamaiman wurin da suka ɓalle a Mars, kusan duka na narkakken dutse ne ba na lakar tabki ba, kuma sun riga sun cuɗanya da ruwa da ƙasa da ƙwayoyin halittar nan. Na cikin bututu kuwa an san inda aka ciro shi, an san me ke samansa da ƙasansa, kuma a toshe yake.

To yaushe za a kawo su?

Nan ne gizo ke saƙa. Motar ba za ta dawo ba, tun farko tsarin shi ne NASA da hukumar sararin samaniya ta Turai su tura wani kumbo ya karɓi bututun ya harbo su sama, wani ya cafe ya kawo. Ta ma ajiye guda 10 a ƙasa a wani fili da ake kira Three Forks tsakanin Disamba 2022 da Janairu 2023, ko da ita ta lalace a samu na ɗauka. Amma kwamitin da ya duba shirin a 2023 ya ce kuɗinsa na iya kaiwa dala biliyan 8 zuwa 11, a 2024 NASA da kanta ta ce ya yi tsada kuma jira har 2040 ya yi yawa, sai kuma a 2025 gwamnatin Trump ta ba da shawarar a soke shi a kasafin kuɗi. Su kuwa Sin, da suka sauke tasu motar Zhurong a 2021, sun ce za su harba kumbon Tianwen-3 wajen 2028 ya ɗebo nasu samfurin ya dawo da shi wajen 2031, sai dai ba na Jezero zai ɗauko ba.