Ƙarar da kuke ji a tsofaffin faya-fayan jaz

Na gaji da maimaita amsoshin nan. Duk wanda ya sayi sabon abin sauraro na kunne ya kunna tsohon kiɗan jaz, kashegari sai ya zo yana cewa an sayar masa da ɓataccen faifai. Ga su a wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Ina jin "shiii" a ƙarƙashin kiɗan. Lasifikata ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Tef ne. Daga wajen 1948 aka fara ɗaukar sauti a kan tef a Amurka, kuma kowane tef yana da wannan hucin. Na'urar Dolby mai rage shi ba ta fito ba sai tsakiyar shekarun 1960. Duk abin da aka ɗauka a tef kafin nan, ka sa ran jin sa.

Wane ne ke gurnani a bayan fiyano?

Mai kaɗa fiyanon ne da kansa. Erroll Garner yana yi, Bud Powell yana yi, Oscar Peterson yana yi. Keith Jarrett kuwa har nishi yake, je ka saurari wasan da ya yi a Kolon ta Jamus ranar 24 ga Janairun 1975. Makirufo na kusa da wayoyin fiyano, bakin mutumin na kusa da makirufo, ta ina za a raba su? Ba wanda ya shigo ɗakin ya ɓata aiki.

Me ya sa ba a hana mutane surutu ba lokacin da ake ɗaukar Bill Evans a Village Vanguard?

Wannan tambayar tana sosa mini rai. Wurin ba situdiyo ba ne. Gidan kiɗa ne a ƙarƙashin bene a birnin New York, inda mutane ke biyan kuɗi su zauna su sha abin sha. Ranar Lahadi ce, 25 ga Yunin 1961. Evans na kan fiyano, Scott LaFaro na kan babbar gogen nan da ake tsinka da yatsa, Paul Motian na kan ganguna. Za ka ji kofuna na karo da juna, wata mata ta yi dariya daidai inda kiɗan ya yi laushi, in kuma lasifikarka babba ce za ka ji rugugin jirgin ƙasa yana wucewa ta ƙarƙashin titi.

Kwana 11 bayan haka LaFaro ya mutu a haɗarin mota, yana da shekara 25. Su ukun ba su sake ɗaukar komai tare ba. To kai da ka samu damar zama a ɗakin nan ta hanyar faifai, shekara sittin da ɗoriya bayan an tashi, kofi ne ya dame ka? Mutanen da ke hira ba su san abin da ke faruwa a gabansu ba, mu ne muka sani. Kar ka ji haushinsu. Ka saurara sau biyu sau uku, kunnenka zai ajiye su a gefe da kansa.

Wani lokaci ina jin kiɗan can ƙasa-ƙasa kafin ya fara da gaske.

Kunnenka bai yaudare ka ba. Tef a naɗe ake ajiye shi, kuma maganaɗisun wani zagaye yakan ɗan ratsa zuwa na kusa da shi. Idan shiru ne ya gabaci busa mai ƙarfi, sai inuwar busar ta bayyana a cikin shirun. A faifan roba ma layi mai ƙarfi kan ture maƙwabcinsa. Ba laifin kwafinka ba ne.

Ina da tsohon faifai mai yawan ƙas-ƙas. In mayar da shi kwamfuta in sa manhaja ta goge ƙarar?

Nan kam sai na tsaya, domin amsar ta danganta da abubuwa da yawa, kuma duk wanda ya ba ka i ko a'a kai tsaye bai yi maka adalci ba.

Da farko, wane irin faifai ne? Idan irin na garmaho ne mai juyi 78 a minti, wanda aka yi amfani da shi har cikin shekarun 1950, to ba roba ba ce. Wani irin ƙaro ne aka cakuɗa da garin dutse, saboda haka tun yana sabo yana da ƙaiƙayi a kunne. Layinsa ya fi na faifan roba faɗi nesa ba kusa ba. Idan ka sa masa siririyar allurar faifan roba, sai ta nutse har gindin layin inda datti yake, ta kwaso maka ƙarar da ma ba ta cikin kiɗan. Sau da yawa canjin allura kaɗai na rage damuwar sosai. Kuma ina roƙonka, kar ka goge irin wannan faifan da sifirit, narkar da shi zai yi. A wanke ƙurar a hankali, a bar shi ya bushe sarai. Idan kuma ɗaukar ta hanya ɗaya ce, wato mono, haɗa sautin dama da na hagu wuri guda, wani kaso na ƙarar zai tafi ba tare da ka taɓa kiɗan ba.

Sai bayan duk wannan za a yi maganar manhaja, kuma a nan ma ƙara iri biyu ce. Akwai "ƙas" ɗin da kan fito daga karce ko ƙwayar ƙura. Gajere ne ƙwarai, bai kai ƙiftawar ido ba, kwamfuta na iya cire shi ta cike gurbin ba tare da ɓarna mai yawa ba. Wannan ban hana ka ba, musamman in za ka bi manyan ɗaya bayan ɗaya da hannunka. Amma ko shi a yi hattara, domin bugun sanda a bakin ganga na kama da shi, manhaja kan ɗauke su tare.

Hucin nan mai ɗorewa shi ne matsala. Yana zaune ne daidai inda sautin faifan ƙarfe na mai ganga yake. Ka lura da mai ganga idan ya ajiye sanduna ya ɗauki burushin waya yana shafa fata a kewaye: abin da ke fitowa "shhh, shhh" ne. Ka saurari Ben Webster yana busa saksofon a hankali, kusan rabin sautin numfashi ne ke fita ta gefen baki. Manhaja ba ta san wannan kiɗa ba ne. Idan ka matsa mata, sai ta yi maka irin aikin mai wankin da ya dage sai tabo ya fita daga shadda har launin ya koɗe. Kiɗan zai fito shiru, amma kamar ana yin sa a cikin ruwa.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. Da na'urorin rage ƙara na NoNoise da CEDAR suka fito a ƙarshen shekarun 1980, an sake fitar da tsofaffin faya-fayai da dama a CD an kankare su fiye da kima. Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Wasan da ƙungiyar kiɗa ta Benny Goodman ta yi a zauren Carnegie Hall da ke New York, na ranar 16 ga Janairun 1938, a kan faya-fayai aka yanka shi kai tsaye. Da masanin jaz Phil Schaap ya sake fitar da shi a 1999, ya bar ƙarar kusan yadda take don kada a rasa komai na kiɗan, mutane da yawa kuwa suka koka. A ganina ya fi masu kankarewa gaskiya, ko da yake da ya rage manyan ƙas-ƙas ɗin da ba a yi asara ba.

Saboda haka: ka ajiye kwafin farko da ba a taɓa ba, ka yi gwajin a kan na biyu. Ka rage kaɗan, ka bar ɗan huci. Yawancin manhajojin na ba ka damar jin abin da suka cire shi kaɗai. Kunna shi. In ka ji bugun ganga ko busa a ciki, ka wuce iyaka, koma baya. Idan kuma faifan sananne ne, wataƙila wani ƙwararre ya riga ya yi aikin daga asalin tef ɗin, neman nasa ya fi maka sauƙi.

Maganar da Miles Davis ke yi a ƙarshen kiɗa, mantawa aka yi ba a yanke ba?

Da gangan aka bari. A faifan mai saksofon Cannonball Adderley na 1958 za ka ji shaƙaƙƙiyar muryar Miles, wanda ya busa ƙaho a ciki, yana tambayar Alfred Lion, mai kamfanin faya-fayai na Blue Note, ko abin da yake so ke nan. Ba gyara ake nema ba.

Tafin da ake ji duk na gaske ne?

Ba duka ba, kuma wannan ya fi cancanta ku yi ƙorafi a kansa. Faifan ƙungiyar Duke Ellington na bikin jaz na Newport a 1956, an sake kaɗa wani sashensa a situdiyo aka ɗora masa tafin ƙarya. Paul Gonsalves kuma, mai saksofon a ƙungiyar, ya yi doguwar busarsa ne a gaban makirufon Muryar Amurka maimakon na kamfanin Columbia. Sai a 1999 aka haɗa tef ɗin biyu aka fitar da ainihin abin da ya faru a daren. Ku nemi wannan.

Akwai wani ƙugi "mmm" da ba ya yankewa.

Tsayar da kiɗan ka bar na'urar a kunne. In ƙugin ya ɗauke, a cikin ɗaukar yake, wutar lantarki ce ta ratsa wayoyin situdiyo tun wancan zamanin. In yana nan, naka ne. Duba siririyar wayar ƙasa da ke bayan abin juya faifan ko ta kwance, ka kuma raba wayoyin sauti da na wuta da caja.