Fita waje neman maganin ciwon daji: me dokar lafiya ta Najeriya ta tanadar wa majinyaci?

Da zarar likita ya ce daji ne, maganar da ke biyo baya a tsakar gida ita ce inda za a kai mara lafiya. Wani ya ce Indiya, wani ya ce Masar ta fi kusa, wani ya kawo lambar wani da ya san asibiti a Dubai. Kafin a jima an fara yi wa gona da shanu kuɗi. Duk don ƙauna ake yi, amma akwai doka a kan wannan tafiya, kuma iyalai da yawa ba sa jin labarinta sai bayan dukiya ta tafi.

Dokar ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu. Sashe na 46 ne ya yi magana kan jinya a ƙasashen waje, kuma abu biyu ya faɗa. Na farko, kowane ɗan Najeriya yana da 'yancin neman a duba lafiyarsa ko a yi masa magani a duk inda ya so, cikin gida ko waje. Ba ka bukatar izinin ma'aikatar lafiya don ka kai mahaifinka Delhi ko Alƙahira da kuɗinka. Na biyu, ba za a ɗauki nauyin wani jami'in gwamnati zuwa jinya waje da kuɗin jama'a ba, sai a yanayi na musamman, bayan kwamitin likitoci ya ba da shawarar haka, kuma ministan lafiya ko kwamishinan lafiya na jiha ya amince.

A lura da kyau, sashen takunkumi ne a kan masu riƙe da muƙami, bai yi wa talaka alkawarin kujerar jirgi ba. Idan wata jiha ta taimaka wa wani da kuɗin fita, alfarma ce ta yi masa, ba haƙƙin da zai je kotu ya nema ba. Kuma sashen bai ambaci hukuncin wanda ya saɓa ba, abin da ya sa manya ke ci gaba da tafiyarsu London alhali na'urorin asibitocin gida na lalacewa. Wannan abin takaici ne ƙwarai, domin kuɗin da ke fita ta nan shi ya kamata ya gyara wurin da sauran jama'a ke kwanciya.

Sashen da ya fi amfani ga mai ciwon daji shi ne na 23. Ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin bincike da na magani da ake da su, da amfanin kowace hanya da haɗarinta da kuɗinta da abin da zai biyo baya, har da 'yancinsa na cewa ba ya so. Kuma a yi bayanin da harshen da yake fahimta, gwargwadon iliminsa. Wato tsohuwar da aka kawo daga ƙauye tana da haƙƙin a yi mata bayani da Hausa, ba a yi Turanci a kanta tana kallo ba. Doka ta yi togaciya guda: ana iya jinkirta faɗa wa mutum halin da yake ciki idan akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa faɗar za ta cutar da shi. Likita ne ke auna wannan. Ba lasisi ba ne ga dangi su ɓoye wa baligi mai hankali cutarsa, su sa shi a jirgi bai san me ake nema ba.

Don a ga yadda wannan haƙƙi ke aiki, mu ɗauki nau'in dajin da ake rubutawa da haruffa SCC a takardar sakamako, wanda likitoci ke kira sukwamas sel kasinoma. Yana tasowa daga shimfiɗaɗɗun ƙwayoyin halittar da suka rufe saman fata da cikin baki, maƙogwaro, hanyar abinci da bakin mahaifa. A wajen Turawa yawan zama cikin rana ne ke kawo na fata. A wajenmu kuwa ya fi fitowa a tsohon gyambo ko tabon ƙuna, musamman a ƙafa: miki ya shekara goma ana wanke shi ana ɗaurewa, sai gefensa ya fara tudu yana nannaɗewa, yana zubar jini da an taɓa, yana wari. Zabaya su ne rana ke yi wa illa kai tsaye, a fuska, kunne, leɓe da bayan wuya, tun suna matasa. Taba da giya na jawo na baki da maƙogwaro. Tsargiyar da ta daɗe ba magani na iya kawo shi a mafitsara. Mafi yawan dajin bakin mahaifa ma wannan nau'in ne, kuma ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa shi, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a watan Oktoban 2023.

Ba a tabbatar da shi da ido. Sai an yanki ɗan nama daga wurin an duba a ɗakin gwaji, sannan a ɗauki hoto a ga ko ya kai kaluluwa ko ya bazu. Matakin da ya kai ne ke nuna magani. Na fata da bai yi nisa ba, tiyata ce: a yanke shi tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye, a ɗinke ko a dasa fata. Yawancin waɗanda suka zo da wuri da wannan kaɗai suke warkewa, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna yin irin wannan aiki. Idan wurin ba ya yankuwa, ko an yanke ana tsoron saura, sai gashi da na'ura, wato haska wurin da haske mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin dajin, yawanci kwana biyar a mako har tsawon mako shida zuwa bakwai. Na maƙogwaro da na bakin mahaifa sau da yawa ana haɗa gashin da maganin daji da ake sakawa ta ƙarin ruwa, irin su sisfilatin. Wanda kuma ya bazu ko ya dawo, akwai sababbin allurai masu zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi dajin, kamar semifilimab da Amurka ta amince da shi a 2018 don dajin fata irin wannan. Ana yin sa duk mako uku, wata da watanni, kuma tsadarsa ba ta wasa ba ce.

To, tambayar da sashe na 23 ya ba ka damar yi ita ce: likita, wane magani nake bukata, kuma ana yin sa a ƙasar nan? Idan amsar ita ce tiyatar da za a yi a Kano cikin mako biyu, jiran biza da tara dala na wata uku asara ce, domin daji ba ya jira. Kumburin da za a iya cirewa yau, bayan damina yana iya cin ƙashi, har a koma maganar yanke ƙafa. Akwai kuma inda fita ke da hujja: tiyatar fuska ko maƙogwaro mai bukatar sake gina wurin, ko irin tiyatar da ake yanka kaɗan-kaɗan ana dubawa nan take don kada a ɓata ido ko hanci, ko kuma lokacin da na'urar gashi ta lalace kuma layi ya yi tsawo. Matsalar gashi gaskiya ce a Najeriya: na'urorin ba su da yawa, a wurare irin Zariya, Sakkwato, Abuja, Ibadan da Legas, kuma sukan tsaya. A 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin daji a Katsina, Enugu da Benin. Sashe na 17 na dokar ya ce idan asibitin gwamnati ba zai iya yi maka abin da kake bukata ba, ya tura ka wani asibitin gwamnati da zai iya. Don haka nemi takardar turawa kafin ka nemi fasfo.

Ta fuskar kuɗi a gida, akwai Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji da ya fara aiki a 2021 a wasu asibitoci, ciki har da Shika, Gombe da Asibitin Ƙasa na Abuja. An fara shi ne da dajin mama, na bakin mahaifa da na furostet ɗin maza. Mace mai SCC a bakin mahaifa ta shiga wannan jeri, mai gyambon ƙafa bai shiga ba, ko da yake sunan cutarsu ɗaya. Zabaya sun samu shirin maganin dajin fata kyauta a Asibitin Ƙasa, amma shiri ne ba doka ba, yana tafiya yana tsayawa gwargwadon kuɗin da aka saki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa inshora ta zama dole, sai dai kada mai kati ya ɗauka za ta biya masa jinyar waje. Ya tambayi kamfaninsa, a ba shi amsa a rubuce.

Idan an yanke shawarar fita, takardu su ne kan gaba. Kundin Haƙƙoƙin Majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya tabbatar maka da damar samun bayanan jinyarka. Karɓi rahoton likita, sakamakon gwajin nama, hotuna a faifai, kuma ka roƙi gilasan gwajin da ɗan dunƙulen kakin da aka adana naman a ciki, domin asibitin can zai so ya sake dubawa da kansa. Aika musu waɗannan tun kana gida, su rubuto tsarin magani da ƙiyasin kuɗi a takarda mai sunan asibitin. Da wannan wasiƙa ake neman bizar jinya. Indiya, alal misali, tana da bizar majinyaci da ta 'yan rakiya, mutum biyu a kan kowane mara lafiya, kuma tana neman katin rigakafin shawara daga mai zuwa daga Najeriya. A yi hattara da dillalan asibiti. Da yawansu kamasho suke karɓa a kan kowane mutum da suka kai, kuma ƙiyasin farko ba ya haɗa kuɗin masauki, abinci, tafinta da abin da ka iya tasowa bayan tiyata.

Kuɗin jinya a hukumance ta banki ake tura shi, da Fom A, wato takardar neman canjin kuɗin waje, tare da wasiƙar ƙwararren likita na gida da ta asibitin waje mai ɗauke da adadin kuɗin. Ƙa'idojin Babban Banki kan canji suna sauyawa, saboda haka a tambayi banki kafin a je wajen 'yan canji. Wanda zai riƙe tsaba kuwa ya sani, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce duk abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastam. Wanda ya ɓoye yana iya rasa kuɗin, ko ya sha ɗaurin aƙalla shekara biyu, ko duka biyun, kuma cewa na jinya ne ba ya wanke mutum. Haka maganin kashe zafi: tiramadol da kodin da mofin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Masar, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kada a zuba su a jaka ba tare da takardar likita ba, kuma a bincika ko ƙasar na bukatar izini tun kafin tashi.

Abin da aka fi mantawa shi ne dawowa. Mai SCC yana bukatar a riƙa duba shi akai-akai, musamman a shekaru biyun farko, lokacin da cutar ta fi dawowa. Kafin a baro asibitin can, a karɓo rahoton tiyata, sakamakon naman da aka cire, adadin gashin da aka yi da wurin da aka gasa, da sunayen magunguna. Wurin da aka gasa ba a cika sake gasa shi ba, kuma likitan gida ba zai san iyakar abin da zai yi ba sai ya ga waɗannan alƙaluma. Idan kuma an fara allurar mako uku-uku, a tambaya tun a can ko ana samunta a Najeriya, nawa take, kuma wane likita ne zai ci gaba da bayarwa. Gara a sasanta da wannan likita tun kafin a sayi tikitin tafiya.